Tarihin malaman kwantaragi a makarantun Magaria da Dungas

A shekarar 1998 gwamnatin Nijar ta ɗauki wani mataki wanda har yau makarantun Magaria da Dungas ke ɗanɗana sakamakonsa. Baitulmali ya rarake tun bayan karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, ma'aikata na shafe watanni ba albashi, Bankin Duniya kuma na matsa lamba a rage abin da ake kashewa kan ma'aikata. Da ƙyar yaro ɗaya cikin uku ke zuwa lakwal a lokacin. Sai aka fara ɗaukar matasa da sunan 'yan sa-kai na ilimi, waɗanda daga baya suka zama malaman kwantaragi. Horonsu na ɗan lokaci ne, kuɗin watansu bai kai rabin na malamin dindindin ba, kuma ba su da tabbacin gobe. Ƙungiyar malamai ta SNEN ta ƙi tsarin, amma aka ci gaba da shi.

A wancan zamanin Amurka ma na cikin tata gardamar. A 1991 jihar Minnesota ta yi dokar makarantun yarjejeniya, inda gwamnati ke ba da kuɗi, masu zaman kansu su gudanar, su ɗauki malami su sallame shi yadda suka ga dama. Albert Shanker, shugaban wata babbar ƙungiyar malamai, na cikin waɗanda suka tallata ra'ayin a 1988, daga baya ya juya masa baya.

Nijar ba ta miƙa makarantunta ga kamfanoni ba. Makaranta ta ci gaba da zama ta gwamnati, amma nauyinta ya sauka kan talakawa biyu, malami da uban yaro. Ƙarƙashin shirin ilimi na shekara goma da aka fara a 2003 aka baza kwamitocin COGES, inda iyaye ke da hannu a tafiyar da makaranta. Duk wanda ya san ƙauyukan Wacha, Bande, Dan Ciyawo ko Mallawa ya san abin da hakan ke nufi a aikace. Sai an gama girbi iyaye ke haɗa karan gero da zana su kafa rumfar aji, yara su zauna a ƙasa da ɗan allonsu da alli, mushe na fama da iskar hunturu tana ɗebo ƙura a kan littafinsa. Ruwan farko na sauka, aji ya watse. Irin waɗannan rumfuna ne suka kama da wuta a Yamai da Maraɗi a 2021, yara da dama suka rasu.

Yawan yaran da ke shiga makaranta ya ƙaru ƙwarai, wannan ba a musu. Malaman kwantaragi suka zama mafi rinjaye a firamare, suka kafa ƙungiyoyinsu irin su SYNACEB, yajin aiki kan jinkirin biyan kuɗi ya zama abin kowace shekara. A watan Yulin 2017 ministan ilimin firamare Daouda Mamadou Marthé ya sa aka yi musu jarrabawa duk da ƙin amincewar ƙungiyoyin. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu maki 10 cikin 20, aka soke kwantaragin dubbai. Ƙungiyoyin sun yi kuskure da suka ƙi a auna malami, domin yaron da ya kai aji shida bai iya karanta sunansa ba an cuce shi. Amma babban laifin na wanda ya ɗauki mutum ba horo ya danƙa masa aji ne.

A wannan yanki mai iyaka da Jigawa da Katsina, uban da ya gaji da yajin aiki ba ya neman wata makarantar kuɗi, don a gari take kuma ta fi ƙarfinsa. Makarantar allo yake mayar da ɗansa, ko ya haɗa shi da malami zuwa Kano. Dungas ta samu gundumarta a 2011, amma matsalar ajin zana ta biyo ta.

Kira ga hukumomin Yamai da na Damagaram shi ne su horar da malamin ƙauye kafin su tura shi, su biya shi ƙarshen kowane wata, su gina masa aji na bulo.