Kifi Na Ganinka: Tarihin Su a Ruwa Marar Zurfi, Daga Adar Zuwa Tsibiran Teku

Wanda ya tsaya a ƙasar Tabotaki, cikin gundumar Buza, a tsakiyar bazara, ya dubi duwatsu da jar ƙasa da busassun ƙoramu, da wuya ya kawo zancen kifi a ransa. Adar ƙasar gero ce da dawa da albasa, ƙasar manoma da makiyaya da ƴan ci-rani. Duk da haka su yana da tarihinsa a nan, kuma tarihi ne na ruwa marar zurfi, wanda mutum yake shiga da ƙafa, ya tsaya masa a gwiwa ko a ƙugu. Irin wannan ruwa yana da sauƙin shiga, yana kuma da sauƙin ƙarewa. Saboda haka duk al'ummar da ta rayu da shi sai da ta ƙago wata doka ta kare shi.

Tsohon kifin wannan yanki shi ne gaiwa. Allah ya yi ta da huhu, tana shaƙar iska kamar dabbar tudu. Idan tabki ya fara janyewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta wata da watanni har ruwan sama ya dawo. Mutanen Sahel sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ake haƙo ta da rani kamar rogo. Ita da tarwaɗa, wadda ita ma take jure ƙarancin ruwa, su ne kifayen da tabkin damina yake iya riƙewa.

Manyan masuntan ƙasar Hausa kuwa a kudu maso yamma suke, a Kabi, ƙasar da Kanta ya ɗaukaka a ƙarni na 16. Kabawa da Sarkawa su ne suka gaji ilimin gulbi: koma da homa, taru da birgi, mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da gora da masunci yake hawa ya yi iyo. Abin da ya fi kayan aikin muhimmanci shi ne sarautar ruwa. Sarkin Ruwa shi yake rufe gurbi, shi yake buɗe shi. Kifi ya samu lokacin haihuwa da girma, sannan a sa rana, gari duka ya faɗa ruwa. Daga wannan al'ada bikin Argungu ya samo tushe. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka yi masa su na girmamawa, abin ya zama biki. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin gadon al'adun ƴan Adam. Masu kallo suna ganin sa'a guda ta hayaniya a Matan Fada. Abin da ba su gani shi ne watannin da aka hana kowa jefa koma a wurin, kuma su ne suke haifar da giwan ruwan da ake ɗagawa a gaban sarki.

A Adar, ruwa mai kwana shekara ya ƙaru ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, ta hanyoyi biyu. Ta farko aikin hannun mutum ce: madatsun ruwa irin na Ibohamane a ƙasar Keita, da na Mozage da Zango a kan Majiya. Ta biyu masifa ce ta haife ta. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da ciyawa, tuddai suka zama fako, ruwan sama ya daina nutsewa, sai ya kwarara zuwa kwari. Gona ta yi hasara, tabki ya ci riba. Ma'aikatan ruwa da gandun daji suka riƙa zuba irin kifi a tabkuna, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, masunta daga Nijeriya suka zo da kalli da mamari, ƴan ƙasa suka koya. A 2005 aka sa tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi na jihar Tawa cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta ba muhimmanci a duniya.

Sai dai ruwan da ya cika tabki shi ne yake ɗauko yashi da laka yana binne shi. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO, da wannan ciwo ya yi yaƙi: jera duwatsu a kan tuddai, haƙa ramuka, dasa miliyoyin itatuwa, aikin da mata suka ɗauki mafi yawansa. Kowane dutse da aka jera a tudu yana ƙara wa tabkin da ke ƙasa kwana. Abin da Adar ba ta gada ba shi ne tsohuwar sarautar ruwa irin ta Kabi, domin sana'ar ta zo mata a makare.

A nan ne labarin wasu mutane masu nisa yake da amfani. A tsibiran teku na ƙasashen zafi, kamar Bahamas da Seshel da Kiritimati, akwai shimfiɗaɗɗun filayen farin yashi da ruwan gishiri yake rufewa iya gwiwa. Idan teku ta cika, wani kifi mai launin azurfa da Turawa suke kira bonfish, wato mai yawan ƙaya, yakan shigo kiwo, yana tonon ƙananan ƙaguwa da jatan lande, wutsiyarsa a waje. Mutanen tsibiran da taru suke kama shi, su ci.

Turawa kuma sun zo masa da wata irin fatsa wadda ba a sa mata koto. Ana ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, a kwaikwayi ƙwaro. Dabarar tsohuwa ce: marubucin Rum Aeliyanus ya bayyana ta wajen shekara ta 200, yana ba da labarin mutanen Makidoniya masu ɗaura jan ulu da gashin zakara. A Ingila an buga littafi a kanta a 1496. Da yake ƙugiyar ba ta da nauyi, igiyar ce ake yi wa nauyi, a kaɗa ta a iska da sanda mai lanƙwasa har ta kai inda ake so. Shekaru aru-aru a kogunan sanyi ake wannan wasa. A 1947 Ba'amurke Joe Brooks ya kama bonfish da irin wannan ƙugiya a Islamorada ta jihar Florida, kuma littafinsa na 1950 ya yaɗa abin a duniya.

Wahalar wasan ita ce daɗinsa a wurin masu yinsa. Ruwan garau yake, inuwar igiya kaɗai tana korar garke guda. Karin maganar nan, kifi na ganinka mai jar koma, a can ba habaici ba ne, zahiri ne. Don haka baƙo, kome tsadar sandarsa, makaho ne sai da ɗan gari mai tura jirgi da gora, wanda ya san lokacin cikar teku, yake kuma hango kifi kafin kifi ya hango shi. Ɗaya daga cikin shahararrun ƙugiyoyin wannan wasa, Crazy Charlie, sunan Charlie Smith ta ci, wani ɗan jagora na tsibirin Andros.

Da kuɗi suka shigo, lissafi ya sauya. Kifin da aka kama da taru sau ɗaya ake sayar da shi. Wanda aka kama aka saki yana iya sake kawo wani baƙon. Wani bincike na 2010 ya ƙiyasta cewa wannan wasa yana kawo wa Bahamas dala miliyan 141 a shekara. Ƙasar Beliz ta yi doka a 2009 cewa bonfish da wasu kifaye biyu sai dai a kama a saki, Florida ta bi sahu a 2013. Dokar tana da ɗaci ga talakan da kifin nan ne abincin gidansa, kuma muhawarar wa ya kamata ya ci moriyar ruwan, baƙo ko ɗan ƙasa, ta daɗe ana yin ta a tsibiran.

Ba wanda zai ce wa masuncin Tabalak ya saki tarwaɗar da zai ciyar da iyali. Amma Sarkin Ruwan Kabi da ɗan jagoran Andros gaskiya guda suka gano: ruwa marar zurfi ba ya ɓoye kifi, mutane ne suke ɓoye shi da haƙurinsu, ko ta rufe gurbi, ko ta faɗaɗa idon taru, ko ta mayar da ƙaramin kifi. Kuma doka ba ta kama ƙasa sai masu ruwan suna da rabo a cikinta.

Aikin da ya rage wa malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Madawa da Buza da Keita a fili yake. Dattawan da suka ga shekarar da aka fara zuba kifi a tabkunansu suna raguwa. Sunayen kifaye da na kayan su, da yadda aka raba ruwa tsakanin masunci da makiyayi da mai lambu, duk a bakinsu suke. Idan ba a rubuta ba, yashin da yake cike tabki ba shi kaɗai zai binne wannan tarihi ba.