Lahadin Matan Indonusiya a Hong Kong

A filinmu na tarihi makon jiya mun yi dogon zango, har birnin Hong Kong da ke kudancin ƙasar Sin. Wasunku sun ce iska ta kwashe rabin shirin, shi ya sa ga shi a takarda.

Indonusiya ƙasar tsibirai ce, Musulminta sun haura miliyan 200. Fita cin rani ba baƙonsu ba ne. Tsakanin 1890 da 1939 Turawan Holan sun kwashi mutanen tsibirin Jawa wajen 33,000 zuwa Suriname aikin gonaki. Amma guguwar da muke magana a kai ta ƙara ƙarfi ne bayan 1997, lokacin da kuɗinsu, rufiya, ya faɗi warwas. Mata daga ƙauyuka suka yi ta tafiya aikatau, wasu Saudiyya, wasu Malesiya, wasu Hong Kong, inda yau sun fi 100,000.

Kai da ka san ciwon dillali, saurari wannan. Dokar Hong Kong ta ce kamfanin dillalai kada ya karɓi fiye da kashi 10 cikin 100 na albashin watan farko. Amma mace kan sauka da bashin da zai cinye albashinta na wata da watanni. Dole ta kwana gidan uwar ɗakinta. In aiki ya mutu, mako biyu kawai gare ta ta bar garin. Wata a hana ta salla, wata a sa ta girka naman alade. Hutunta rana ɗaya tak a mako, galibi Lahadi.

To, ranar nan ɗaya ita ce labarinmu. Akwai wani fili mai suna Victoria Park. Kowace Lahadi sai ka ga an shimfiɗa leda a ƙasa, an zauna rukuni-rukuni, an sa hijabi, ana karatun Yasin, ana sauraren wa'azi. Suna kiran zaman pengajian. Da an shafa Fatiha sai a buɗe littafin arisan, wato adashi, irin namu sak: kowa ta zuba, ɗaya ta kwasa. A nan ake jin wadda ba ta da lafiya, wadda aka riƙe wa fasfo, wadda ta rasu ana neman kuɗin kai gawarta gida. Manyan ƙungiyoyin addini na ƙasarsu, Muhammadiyya da aka kafa a 1912 da Nahdlatul Ulama ta 1926, sun bi su da rassa a ƙasashen waje. Haka ma Dompet Dhuafa, gidauniyar zakka da 'yan jarida suka soma a 1993, ta buɗe reshe a Hong Kong.

Bizarsu ba ta yarda su yi wata sana'a a can ba, don haka jarin gida yake komawa. Kwasar adashi ta zama shago a ƙauye, ko gonar shinkafa, ko awaki da saniya a hannun ɗan'uwa. Ba kowa ke cin riba ba fa. Kun san halin kiwon amana, wata ta dawo ta tarar miji ya sayar.

Kuma taimakon bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba. Eni Lestari, da ta gudu daga gidan da ake tauye mata albashi, gidan fakewa na Bethune House ne ya karɓe ta, wanda mutanen coci suka kafa a 1986. Daga nan ta tara 'yan'uwanta suka kafa ƙungiyar ATKI a 2000. A Satumban 2016 wannan 'yar aikatau ta tsaya ta yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Gwamnatinsu na yi musu kirari da jaruman kuɗin waje. Ni dai a ganina kirarin ya riga kariya isowa, don sai a 2017 aka yi sabuwar dokar kare su, bayan abin da ya sami Erwiana Sulistyaningsih. Wata takwas uwar ɗakinta na dukanta. A Janairun 2014 aka ajiye ta filin jirgi cikin dare, da ƙyar take taka ƙafa. Wata 'yar aikatau 'yar'uwarta ce ta gan ta, ta raka ta har gida. Hotunan raunukanta suka bazu, dubban mata suka fito zanga-zanga a Hong Kong. A Fabrairun 2015 kotu ta ɗaure uwar ɗakin shekara shida. Erwiana ta koma makaranta, ta gama jami'a a birnin Yogyakarta a 2018.