Makarantar Da Ɗalibanta Suka Gina Da Hannunsu

A ƙasar Amurka, cikin jihar Alabama, akwai wani gari ana ce da shi Taskigi. A nan aka buɗe makarantar horon malamai ta baƙaƙen mutane ran 4 ga watan Yuli, 1881. Labarin shekarunta na fari za mu ba ku, 'yan'uwa, gama ya shafi kowane uba mai ɗa a makaranta, da kowane ɗalibi da ya taɓa kwana da yunwa saboda neman ilimi.

Halin da ƙasar ke ciki

An 'yanta bayi a Amurka a 1865, bayan yaƙin basasa na shekara huɗu. Amma yawancinsu hannu wofi suka fita, ba gona, ba dabba, ba karatu. Sai suka koma noman auduga a gonakin iyayengijinsu na dā, a kan in an yi girbi a raba. Tun kafin shuka su kan ci bashin abinci a kanti, su jinginar da amfanin da bai ko tsiro ba. Kaka ta zo, mai gona ya ɗauki nasa, mai kanti ya ɗauki nasa, manomi ya tashi da sauran bashi a wuya. Makarantun 'ya'yansu kuwa wata uku ne ko biyar a shekara, malaman ma da yawa kaɗan suka fi yaran sani.

Mutum biyu na garin suka tsaya a kan a sami makarantar malamai. Ɗaya Lewis Adams ne, wanda dā bawa ne, ya iya ƙira da dukanci. Ɗayan George Campbell, Bature, wanda dā shi kansa yana da bayi. Majalisar jihar ta yarda ta riƙa ba da dalar Amurka 2,000 kowace shekara, amma domin albashin malamai kaɗai. Ba ta ba da fili ba, balle gini ko littattafai. Aka aika makarantar Hamton neman shugaba, aka turo musu wani saurayi mai shekara 25, sunansa Booker T. Washington. Shi ma cikin bauta aka haife shi, a 1856, da shara da gyaran ɗakuna kuma ya biya kuɗin abincinsa sa'ad da ya ke karatu a Hamton.

Aji a ɗakin kaji

Ɗalibai 30 suka zo ranar farko, galibinsu malamai ne da ma, waɗansu sun kusa shekara 40. A wata tsohuwar bukka aka fara, kusa da ɗakin sujadar baƙaƙen garin. In ana ruwa sai wani ɗalibi ya tashi ya riƙe wa malam laima, shi kuwa ya ci gaba da koyarwa.

Ba a daɗe ba aka ji za a sayar da wata tsohuwar gona mai eka 100 a bayan gari, a kan dala 500. Washington ya ranto kuɗi daga ma'ajin Hamton ya ba da kafin alƙalami. Sauran kuwa wata malama, Olivia Davidson, ita ta bi gida gida tana neman gudummawa. Wannan ya ba da kaza, wancan waina, a sayar a tara kuɗin. Wata tsohuwa da ta yi yawancin ranta cikin bauta ta kawo ƙwai shida, iyakar abin da ta ke da shi ke nan. Gine-ginen da aka tarar a gonar huɗu ne: bukka, da tsohon madafi, da bargar dawaki, da ɗakin kaji. Aka share bargar da ɗakin kajin, suka zama aji.

Gatari da tubali

Da aka ce ɗalibai su fita sassabe bayan an tashi daga aji, ransu bai so ba. Da yawa sun zo ne domin su rabu da fartanya har abada, suna gani mai ilimi ba ya aikin hannu. Iyaye ma suka yi ta aiko da wasiƙu, wai karatu suka turo 'ya'yansu, ba bauta ba. Kada mu yi saurin ganin laifinsu. Mutumin da aka tilasta wa kakanninsa noma da bulala shekara fiye da ɗari biyu, dole gona ta zama masa abin ƙi. Washington bai yi dogon wa'azi ba, gatari ya ɗauka ya shige gaba. Da suka ga shugaba na sara, kunya ta hana su zama. Suka share wajen eka 20 suka shuka.

Aikin tubali ya fi wannan wuya. Babu mai gasa tubali a garin, makaranta kuma ba ta da kuɗin sayowa daga nesa. Ɗalibai suka shiga ramin yumɓu, laka har gwiwa, waɗansu suka gaji suka gudu gida. Aka buga tubali wajen 25,000 aka cinna wa tanderu wuta, ya lalace. Na biyu ma haka. Na uku ya kusa nuna, sai ya rushe da tsakar dare. Ba ko anini a hannu. Washington ya tafi birnin Mantagomari ya jinginar da agogonsa a kan dala 15, aka sake haɗa na huɗu, shi ne ya yi kyau. Agogon dai bai koma hannunsa ba, amma daga baya har Turawan garin a makarantar su ke sayen tubali.

Ci da kwana

A ƙarshen 1882 aka shiga babban gini na fari. Ɗakin cin abinci ƙarƙashinsa ya ke, ɗalibai ne suka haƙa shi. A waje a ke girki da tukwane, a kan bencin kafinta a ke ci. Sau da yawa abinci ya kan makara, ko ya ƙone, ko ya kasa. Kuɗin ci da kwana dala 8 ne a wata, kaɗan ne kuwa ke iya biya duka, saura sai su cika da aiki. Gadajen ɗalibai ne suka sassaƙa, katifu kuma buhuna ne da aka cusa wa busasshen ganye. Da hunturu ya yi tsanani barguna suka kasa, samari su kan kwana zaune kewaye da wuta, bargo ɗaya a kafaɗa.

Duk da wannan rashi ba a sassauta dokar tsabta ba. Tilas kowane ɗalibi ya yi wanka, ya ɗinke yagar rigarsa, ya mallaki buroshin goge haƙora. Dalili kuwa, malamin da za ya koma ƙauye, abin da mutane suka gani a jikinsa da gidansa shi za su fara koya.

A 1884 aka buɗe makarantar dare domin waɗanda ba su da ko kwabo. Irin waɗannan su kan yi aiki awa goma da rana, a gona ko wurin tubali ko ɗakin wanki, da dare su yi karatu awa biyu. Ladan aikinsu a kan ajiye musu wurin ma'aji, bayan shekara ɗaya ko biyu su shiga ajin rana su ci daga ciki. Ɗaliban fari suka gama a 1885.

Wannan tsari ya taimaki makarantar sa'ad da ciniki ya karye a Amurka duka a 1893, kuɗin auduga ya faɗi ya koma wajen rabin na 1881. Mai noma abincinsa, mai gina ɗakinsa, faɗuwar kasuwa ba ta kan kai shi ƙasa da sauri ba. Zuwa 1900 akwai gine-gine 40 manya da ƙanana, duka ɗalibai suka gina in ban da huɗu.

Abin da aka biya, da abin da aka samu

Wahalar ta ci mutane. Olivia Davidson ta ƙare ƙarfinta wajen yawon neman taimako, ta rasu a 1889 tana da shekara 34. Washington ya rasu a 1915 bai cika 60 ba. Akwai kuma baƙaƙe masana da suka yi masa gardama. A 1903 W. E. B. Du Bois ya rubuta cewa in aka tsaya ga aikin hannu, aka yi shiru a kan ƙuri'a da ilimi mai zurfi, za a bar baƙar fata a ƙasa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, gama a 1901 jihar Alabama ta yi sabuwar doka wadda ta hana kusan dukan baƙaƙe jefa ƙuri'a, iya gini da iya noma ba su tsare su ba. Masu mulkin mallaka ma sun so tsarin domin amfanin kansu: a 1901 Jamusawa suka kawo mutanen Taskigi ƙasar Togo su koyar da noman auduga saboda masaƙun Jamus.

Duk da haka, malaman da suka fita daga Taskigi sun shiga ƙauyukan da ba aji, ba allo, ba albashin kirki, ba su kuwa tsaya jiran gwamnati ba. Sun san yadda a ke tara mutane, a saro itace, a ɗora rufi, a ƙara watannin karatu. Daga shawarar Washington da wani attajiri, Julius Rosenwald, aka gina wa 'ya'yan baƙaƙe makarantu wajen 5,000 zuwa 1932, iyayen yara suna ba da nasu kuɗi da ƙarfi. Makarantar kanta ta zama jami'a a 1985.

To, 'yan'uwa, in ɗanku ya aiko cewa abincin makaranta ya kasa, ko an sa su noma da buga tubali, kada ku yi gaggawar cewa ya komo gida. Ku tambaya tukuna ko ana koya masa karatun sosai, ko kuma malamansa suna riƙe da fartanya tare da shi. In haka ne, ku aika masa da abin da ya sawwaƙa, ko da ƙwai shida ne, ku ce ya daure.