Cinikin Jiragen Yaƙi a Amurka ta Kudu

Cikin shekarar 1906 Ingila ta saukar da wani jirgin ruwa na yaƙi mai suna Dreadnought, mai manyan igwa 10, bakin kowace inci 12. Ran da ya shiga ruwa sauran jiragen yaƙin duniya suka zama tsofaffin yayi. Gwamnati ce ta ƙera shi a ma'aikatarta ta Portsmouth, amma kamfanonin 'yan kasuwa, watau Armstrong na Newcastle da Vickers na Barrow, su suka fi murna, don sun san duk ƙasar da ta ji labari za ta so nata.

Barazil ta fara zuwa. A zamanin nan kuɗin roba da kofi sun cika mata aljihu. Armstrong ya ƙera mata Minas Geraes, Vickers kuwa ya ƙera São Paulo, kowanne da manyan igwa 12, aka gama su cikin 1910. To, a nan ribar sana'ar take: in ka sayar wa mutum takobi, maƙwabcinsa ba zai yi barci ba sai ya zo maƙerarka. Ajantina da Chile suka tashi haiƙan.

Amma mutanen Ajantina ba su zo da ƙoƙon bara ba. Cikin 1908 suka yi shela, kamfanoni 15 na Ingila da Jamus da Faransa da Italiya da Amurka suka kawo zane da farashi. Sai suka duba zanen kowa, suka tsince abin da ya fi kyau a ciki, suka haɗa, suka ce a sāke tayi bisa wannan sabon fasali. Suka kuma maimaita haka. Turawan Ingila suka fusata ƙwarai, suka ce an kwashe musu asirin sana'a a banza. Da gaskiyarsu, amma ba wanda ya tilasta musu buɗe takardunsu sai kwaɗayin cinikin.

Farkon 1910 aka ba kamfanin Fore River na Amurka aikin jirage biyu, Rivadavia da Moreno, kowanne fiye da fam miliyan 2. Aka yi mamaki, gama a lokacin Ingila ce uwar wannan sana'a. Dalili kuwa biyu ne. Amurkawa sun fi araha wajen ƙarfen sulken da a ke lulluɓe jirgi da shi, sa'an nan gwamnatin Shugaba Taft ta tsaya musu, jakadunta suna ta kai da kawowa kamar dillalai.

Barazil ta ƙi yarda a fi ta, ta sa Armstrong ya ƙera mata na uku, Rio de Janeiro, mai manyan igwa 14. Ana cikin aiki sai kasuwar roba ta faɗi, gama gonakin robar Malaya sun fara kawo tasu da araha. Kuɗi suka yanke. Ƙarshen 1913 aka sayar wa Turkiyya jirgin a kan fam 2,750,000, talakawanta har da karo-karo. Matuƙansa sun riga sun iso Newcastle don su tafi da shi sa'ad da yaƙi ya tashi cikin Agusta 1914, sai gwamnatin Ingila ta riƙe shi, ta sa masa suna Agincourt.

Bayan yaƙi manyan ƙasashe suka yi yarjejeniya a Washinton cikin 1922, aka taƙaita ƙera manyan jirage. Masu saye suka yi wuya, har cikin 1927 Armstrong da Vickers suka haɗa aikinsu na jirage da makamai ya zama kamfani guda.