Dala Ɗaya Daga Kowa: Tarihin Gudun Terry Fox

A bakin tagar ba da magani ta asibiti nakan ga ɗan'uwan majinyaci ya miƙo takardar maganin ciwon daji, a faɗa masa kuɗin, ya yi shiru, sannan ya ce bari ya je ya dawo. Wasu sukan dawo, wasu kuwa shi ke nan. In ka taɓa tsayawa a irin wannan wuri, ko kana tunanin kafa gidauniya a unguwarku, ga wani tarihi daga ƙasar Kanada da ya dace ka sani.

A shekarar 1977 likitoci suka gano sankarar ƙashi a ƙafar wani saurayi mai suna Terry Fox, yana ɗan shekara 18. Aka yanke ƙafar ta dama daga saman gwiwa, ya kuma shafe wata 16 yana karɓar maganin daji ta jijiya. A zaman jinyar ya ga irin azabar da 'yan'uwansa majinyata ke sha, ya gane cewa bincike ne ya samar da magungunan da suka cece shi, bincike kuwa ba ya yiwuwa sai da kuɗi.

Ranar 12 ga Afrilu, 1980, ya tsoma ƙafarsa ta roba a Tekun Atlantika a birnin St. John's da ke gabashin ƙasar, ya fara gudu da niyyar ratsa ta har bakin tekun yamma. Kusan kilomita 42 yake yi kowace rana, abokinsa na biye da shi a mota. Da farko mutane ba su kula ba, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba.

Sai da ya isa Port aux Basques, gari mai mutane kimanin 10,000, al'amarin ya canza. Mutanen garin suka tara masa sama da dala 10,000, kamar dai kowa ya ba da dala guda. Daga nan ya ɗaura niyyar neman dala ɗaya daga kowane ɗan Kanada, su miliyan 24 a lokacin.

Bai kai ƙarshen hanya ba. Ranar 1 ga Satumba, kusa da birnin Thunder Bay, bayan kwana 143 da kilomita 5,373, ya tsaya, domin ciwon ya kama huhunsa. Amma jama'a suka ci gaba da bayarwa, har zuwa Fabrairun 1981 kuɗin ya haura dala miliyan 24. Ya rasu ranar 28 ga Yuni, 1981, yana da shekara 22. Tun watan Satumban wannan shekara ake gudanar da gudu da sunansa duk shekara, ba gasa, ba kuɗin shiga.

Abu biyu suka riƙe wannan aiki. Na farko, an nemi abin da kowa zai iya bayarwa, don haka mai ƙaramin ƙarfi bai ji kunyar miƙo nasa ba. Na biyu, amana: kowa ya san kuɗin binciken ciwon daji za su tafi, shi kuwa Fox ya ƙi yarda kamfanoni su yi talla da shi.

Gidauniyarku wataƙila kuɗin magani, gwaji ko mota zuwa asibiti za ta biya, amma ƙa'idar ba ta canza ba. Ku yanke adadi kaɗan ga kowane gida. Ku buɗe asusun da ba mutum ɗaya ke sa hannu ba, ku ajiye rasit, ku riƙa karanta lissafi a gaban jama'a. Kada kuma ku fitar da suna ko hoton majinyaci sai da yardarsa, domin mutuncinsa ya fi duk abin da za a tara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu taimako da alheri.