Saƙon sirri a manhajar intanet: mabuɗin yana hannun wa?

Saƙon sirri shi ne wanda mutum biyu ke musaya a cikin manhaja ba tare da sauran jama'a sun gani ba. Sai dai ɓoye wa jama'a daban, ɓoye wa kamfanin daban. Muddin mabuɗin da ake kulle saƙon da shi yana hannun kamfani, ma'aikatansa za su iya karantawa, kotu ma za ta iya umartarsa ya miƙa. Tsarin Signal, wanda WhatsApp ya kammala komawa kansa a Afrilun 2016, yana barin mabuɗin a na'urorin masu hirar kaɗai. A Telegram kuwa, sai an zaɓi hirar sirri.

Amma kullen ba ya share sawu: wa ya tuntuɓi wa, da yaushe. Wannan kaɗai ya isa a gano wanda ya tsegunta wa ɗan jarida labari.