Daga ramin Arlit zuwa idon maganaɗisu

Wanda ya girma a Arlit ko Akokan ba ya bukatar a koya masa tsoron hasken da ido ba ya gani. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da uraniyom a 1971, COMINAK kuma ya bi sahu a 1978, har zuwa rufe raminsa a 2021. A 2003 masanan ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun auna tururin ma'adinin a ruwan sha da tarkacen ƙarafan kasuwa. Don haka ba abin mamaki ba ne idan macen da ta ji ƙullutu a mamanta ta ja da baya in an ce ta je a ɗauki hoto. Sai dai hoto suna ya tara, kuma tarihi ne zai rarrabe mana.

A 1895 Bajamushe Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Shekara guda bayan haka Becquerel ya lura a Paris cewa gishirin uraniyom na fitar da nasa hasken. Daga hasken Röntgen aka samu mamogarafi: Albert Salomon ya gwada shi a Berlin a 1913, sannan Charles Gros na Strasbourg ya samar da na'ura ta musamman a shekarun 1960. Hasken da take amfani da shi kaɗan ne ƙwarai, amma tana da rauni guda: a mama mai tsoka cunkushe, ƙari fari ne a cikin fari, tamkar neman zare a tulin auduga.

Hanya ta biyu ta ɓullo a 1973, lokacin da Paul Lauterbur ya nuna ana iya ɗaukar hoto da maganaɗisu. Shi da Peter Mansfield suka raba kyautar Nobel a 2003. Na'urar, wato IRM a Faransanci ko MRI a Ingilishi, tana jera ƙwayoyin haidurojin na ruwan jiki, ta girgiza su da igiyar rediyo, kwamfuta ta mayar da amsarsu hoto. Da farko sunanta na ɗauke da kalmar "nukiliya", amma aka cire ta saboda firgitar majiyyata, alhali babu uraniyom ko hasken Röntgen a cikinta. A 1986 Sylvia Heywang ta nuna a Munich cewa in an yi allurar gadoliniyom, sankara na saurin shan sa saboda yawan jijiyoyin jininta, sai ta fito fili.

Duk da haka IRM ba ta kori mamogarafi ba. A 2007 Ƙungiyar Sankara ta Amurka ta ba da shawarar a haɗa su duk shekara ga matan da haɗarinsu ya yi yawa, kamar masu gadon cutar. Wani bincike na Holan a 2019 ya nuna ƙara IRM ga masu cunkushen mama ya rage rabin sankarar da ke kuɓucewa tsakanin gwaji da gwaji. Amma tana da tsada, takan kuma zargi abin da ba cuta ba. Sai an tsakuri nama an duba ake tabbatarwa.

A Nijar, rajistar da aka buɗe a Yamai a 1992 ta nuna sankarar mama ce kan gaba wajen mata. A 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa ta fara gashin ƙari da haske, wato abin tsoron ya zama magani. Amma tsakanin Arlit da Yamai akwai kusan kilomita 1,200, kuma babu na'urar da ke ganin wadda ba ta zo ba. Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyi yake: su sanar da iyayenmu mata cewa ƙullutu, ko jini daga kan mama, ko fatar da ta lotsa, ba abin kunya ba ne, abin kai wa likita ne tun da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.